Saƙon Yaya Usman da Katin da Ya Ƙi Karɓa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ranar walimar auren ƙanwata Zainabu ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Ko da ni na so, mutanen unguwarmu a nan Gadarif ba za su bari ba. Har yau akwai wani tsoho mai sayar da gawayi da in ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce, "Gwaji, gwaji!" ya kama dariya. Ni ma sai in taya shi, don ba ni da abin yi da ya wuce haka. Bari in ɗauko muku daga farko.

Zainabu ƙanwata ce, amma ba cikinmu ɗaya ba. 'Yar Gwaggo Hauwa ce, yayar mahaifina. Ina da shekara huɗu mahaifiyata ta rasu, Gwaggo ta ɗauke ni ta haɗa da 'ya'yanta biyu, Yaya Usman da ita Zainabu da aka haifa daga baya. A hannunta na girma, ita ta yi mini aure, kuma har lokacin da nake ba ku labari ni da matata Sa'adiya muna zaune a sashe ɗaya na gidanta. Mijin Gwaggo ya daɗe da rasuwa. Yaya Usman kuwa ya tafi Jidda aikin tuƙi, ya shekara shida bai leƙo gida ba, saboda takardunsa sun rikice, in ya fito ba zai iya komawa ba.

Ni malamin firamare ne. Amma na taɓa yin wani kwas na kwamfuta na wata uku, aka ba ni takarda na sa ta a gilashi na rataya a bango, tun daga nan dangi suka laƙaba mini Bashmuhandis, wato babban injiniya. Ban taɓa musawa ba. Duk wanda wayarsa ta yi gardama sai a turo shi wurina, in karɓa in ɗaure fuska, in juya ta gaba da baya, in kashe in kunna. (Tsakanina da ku, rabin ilimina ke nan. Sauran rabin kuma ɗaure fuskar ce.) Sau da yawa wayar takan dawo hayyacinta don kanta, ni kuma in sha godiya.

An sa bikin bayan an gama yankan riɗi, 'yan shekaru kaɗan bayan Kudu ta ɓalle daga ƙasarmu, lokacin da komai ya fara tsada. Angon manomi ne daga Doka, Bahaushe irinmu, danginsa masu yawa. Da Yaya Usman ya tabbata ba zai samu zuwa ba, sai ya ɗauki muryarsa, doguwar magana, ya turo ta intanet zuwa wayar da shi ya aiko wa Gwaggo. Ita kuma ta ƙudurta abu ɗaya a ranta: tunda shi ne a madadin uba, sai an sa maganarsa a lasifika ranar walima, kowa ya ji, musamman mutanen Doka, don su san yarinyar tana da gata. Mai ba da hayar akwatin sauti, wani Balarabe mai suna Abbas, ya ce ba matsala, amma akwatinsa ba ya cin komai sai katin memori (mu a nan zakira muke ce masa). A sa saƙon a kati a kawo masa.

Saura kwana huɗu Gwaggo ta miƙo mini wayar da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri.

"Ɗana, muryar yayanka tana ciki. Ka zuba mini ita a zakira."

Na ce, "Gwaggo, wannan ai aikin minti biyar ne."

Na taɓa saƙon, ya fara sauka. Ɗan zoben nan ya yi ta juyawa har ya kai wajen rabi, sai wayar ta rubuto cewa ba a iya ajiyewa ba, babu wuri. Na duba cikin wayar, ashe ta cika fal da hotunan da Yaya Usman yake turowa da wa'azozin da matan unguwa suke tura wa juna. Na ce a rage, Gwaggo ta ce ko hoto ɗaya ba za a taɓa mata ba. Na ce to ai ga kati, a tura can. Na duba katin, da sauran wuri mai yawa. Na gwada kwafar wani hoto zuwa cikinsa, wayar ta yi kamar ta kwafa, da na leƙa babu komai. Na kashe na kunna. Na zare katin na goge shi da gefen jallabiyata, na hura ramin, na mayar. Babu canji. Na sake kashewa na kunna. A nan ilimina ya ƙare, sai ɗaure fuska ta rage.

Mutum mai hankali a nan zai ce bai sani ba. Ni sai na shiga rabon laifi. Ranar farko na ce shabaka ce, wato layin intanet, ba ƙarfi. Rana ta biyu na ce ɗauke wutar da ake yi ne ya rikita wayar. Da yamma ta yi na rasa abin faɗa, sai na ɗora wa Amurka. A lokacin ƙasarmu tana cikin takunkumi, abubuwa da yawa in ka taɓa a intanet sai su ce ba a yarda wa ƙasarku ba, don haka da na faɗa a majalisar ƙofar gida dattawa suka gyaɗa kai, wani har ya yi Allah ya isa. Ni kuwa na san sarai ba ruwan Amurka da katin Gwaggo.

Ita Gwaggo ba ta san siyasa ba. Tambaya ɗaya ta riƙe. In na fito alwala, "Ya shiga?" In na dawo daga makaranta, kafin in ajiye jaka, "Ya shiga?" In na ce tukuna, sai ta kama labarin Usman: Usman yana ƙarami ba ya cin kuɓewa, Usman ya ce zafin Jidda ya fi namu, Allah ya yi wa Usman albarka. Ina jinta ina latsa waya, wani abu yana taruwa a ƙirjina da ban tsaya na duba ko mene ne ba.

Rana ta uku na haƙura na nufi kasuwa, amma ta bayan layi, don kada wani ya ga Bashmuhandis ya kai gyara. Akwai wani mai gyaran waya, Attayib, mutum mai furfura da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Na ce masa wayar wata maƙwabciya ce. Ya zare katin, ya sa a kwamfutarsa, bai yi minti biyu ba ya ɗago.

"Ya ustaz, wannan zakira ta tsufa. In sun gaji haka suke yi, su kulle kansu. Abin da ke ciki za ka gani, amma sabo ba zai shiga ba, ko za ka shekara kana hurawa."

Na ce, "Na yi tunanin haka." (Ban yi ba.)

Ya ɗauko sabon kati ya ajiye a gabana, ya shiga bayani a hankali. Ka sa shi a waya, ka bar wayar ta yi masa farmata da kanta, wato ta wanke shi ta tsara shi yadda za ta iya rubutu a kai. Sannan ka shiga saiti ka gaya mata duk abin da aka sauke ya tafi kati, ba cikinta ba. In ta nemi izinin taɓa katin ka ba ta. Kafin ka sauke abu mai nauyi, ka gwada da ƙarami ka ga ko ya zauna.

"Ko ka bar ta nan, kafin ka sha shayi na gama."

Da na yarda da wannan jumla da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Amma yaya za a yi in koma gida in ce wani ne ya gyara? Na ce, "A'a, sauran mai sauƙi ne," na biya kuɗin kati na kama hanya.

Bayan la'asar na shige ɗaki na saki labule. Na yi farmata, ya yi. Na shiga saiti, na yi ta yawo cikin rubutun Larabci ƙanana har na gano inda ake sauya wurin ajiya, na sauya. Sai na tuna gwaji da ƙarami. Abin da ya fi kusa shi ne abin ɗaukar murya na wayar. Na buɗe shi, na latsa jan maɓalli, na gyara murya kamar mai karanta labarai na ce, "Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu, uku." Daidai nan Sa'adiya ta ɗaga labule da shayi. Na kai yatsa na taɓa wayar, a zatona na tsayar, na kifa ta a kan gado.

Abin da ya biyo baya magana ce irin ta miji da matarsa a cikin ɗaki. Ba sai na faɗa muku yanzu ba. Za ku ji ta nan gaba, kamar yadda kowa ya ji.

Da ta fita na ɗauki wayar, na ga ta nuna an ajiye murya a kati. Wani daɗi ya kama ni. Kati ya karɓa! Ban duba tsawon abin da ya karɓa ba, ban saurara ba, ban goge ba. Na koma kan saƙon Yaya Usman na taɓa, wayar ta nemi izini na ba ta, zoben ya juya ya juya ya cika. Na kunna, na ji muryar Yaya yana sallama yana salati, na saurari kamar minti ɗaya na kashe, don a lokacin ba muryar da nake son ji ba ce. Na zare katin na fita tsakar gida ina tafiyar wanda ya ci yaƙi.

"Gwaggo, ya shiga."

Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Ta karɓi katin ta naɗe shi a takarda, ta ƙulle a bakin mayafinta. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka," sannan ta ƙara, "Usman zai ji daɗi."

Ranar walima aka kafa rumfa a titin ƙofar gida, maza a waje, mata a ciki. A zamanin hukuma ba ta barin shagali ya kai dare, don haka komai da rana aka shirya shi. Mutanen Doka sun zo mota biyu cike, dattawa da rawuna farare, sun zauna a sahun gaba. Abbas ya ajiye akwatinsa a bakin zaure, ya ɗaura lasifika ɗaya tana fuskantar maza, ɗaya a kan katanga tana fuskantar mata. Abbas ba ya jin Hausa, in ka cire "sannu". Abin da aka gaya masa kawai shi ne, yayan amarya ne zai yi magana daga Saudiyya, ka ƙure murya.

Ni ina cikin masu raba abinci. Na ɗauko babban faranti, wanda sai ka buɗe hannu biyu kake riƙe shi, cike da kwanonin nama da miya da kisra, wainar dawar nan mai falle-falle, ina can ƙarshen rumfa, lokacin da liman ya yi addu'a aka ce a yi shiru za a ji saƙon ɗan'uwa. Lasifika ta yi ƙara, sai na ji wata murya da na sani amma ban so na sani ba.

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu, uku."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ai Bashmuhandis ne!" Ni ma na yi murmushi, har da ɗan sunkuyar da kai, a raina ina cewa ba komai, yanzu zai wuce. Sai na ji ƙarar kofi a kan tire. Sai muryar Sa'adiya, tar, kamar tana tsaye a tsakiyar rumfa.

"Ustaz, ga shayi. Gwaggo ta ce in tambaye ka ko ya shiga."

Wallahi a nan ƙafafuna suka gane abin da ke tafe kafin kaina ya gane.

"Ya shiga, ya shiga! Kwana uku ba ni da suna a gidan nan sai ya shiga. Shi yana can Jidda cikin sanyin iyakwandishan yana cin kaza, ya buɗe baki ya yi surutu ya turo, shi ke nan ya zama ɗan albarka. Mu da muke bin layin burodi, mu kai ta asibiti, mu hau rufin ɗaki da damina, kin taɓa jin ta zauna tana labarinmu?"

Rumfa ta yi tsit. Ina so in ruga, amma faranti yana hannuna, gabana da bayana mutane ne a zaune gwiwa da gwiwa, ba inda zan ajiye shi sai a kan wani. Na fara kutsawa ina "gafara, gafara", miya tana tangaɗi. Abbas kuwa da ya ga jama'a sun nutsu, sai ya ɗauka maganar ce ta ratsa su. Ya ƙara murya.

"Su kuma mutanen Doka, da za su zo su cinye mana rago su tafi, ina ruwansu da muryar Usman?"

A daidai lokacin ina gab da sahun gaba. Wani dattijo daga cikinsu, baffan ango, yana riƙe da tsokar nama a hanyar bakinsa. Ya tsaya. Ya dubi naman, ya dube ni, ya sake duban naman. Sannan a hankali ya sa a baki ya tauna, idonsa a kaina.

"Haba Ustaz," in ji Sa'adiyar cikin lasifika, "ita fa ta raine ka."

"Ta raine ni, ban musa ba. Amma ba ita ta haife ni ba. Magana ta ƙare."

"Rage murya don Allah, tana tsakar gida."

"To ta ji mana! Kowa ma ya ji!"

Kowa kuwa ya ji. Har masu wucewa a raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, sun ji.

Na dangwarar da farantin a gaban wasu da ba su aka nufa da shi ba, na yi tsalle na isa wurin akwatin. Abbas ya tare ni da hannu, fuskarsa cike da ladabi, ya ce da Larabci, "Ya ustaz, bari bawan Allah ya gama maganarsa, daga Saudiyya fa ya aiko." Ban san yadda na yi na kai yatsa na kashe ba. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni. Ina tsaye, gumi yana bin bayana. Sai daga bayan katanga, ta ɓangaren mata, na ji muryar Gwaggo, ba ɗagawa ba rawa.

"A sa na Usman."

Na latsa na gaba da hannuna.

Muryar Yaya ta fito, a gajiye, ana jin motoci suna wucewa a bayansa. Ya yi wa Zainabu nasiha, ya roƙi ango ya riƙe ta amana, ya gaida dattawan Doka ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Jama'a suka fara saki jiki, na ji ana "Allah sarki". Ni ma na fara lissafin ta inda zan sulale. Sai na ji ya ce:

"Akwai wanda ban taɓa gode masa a gaban mutane ba, yau zan yi. Ƙanina, Bashmuhandis. Ni suna kawai na ɗauka na babba, shi ne ya riƙe gidan. Duk ranar da na kira Inna, rabin maganarta a kansa take ƙarewa. Ya kai ni asibiti, ya gyara mini ɗaki, bai ci ba sai da na ci. Har kishi nake ji wani lokaci. Mutanen Doka, in kuna neman uban Zainabu kada ku nemi na Jidda, ga shi nan a gabanku."

A gabansu kuwa nake, da miya a gaban jallabiya. Kusan mutum ɗari suka juyo suka dube ni. Da zagina Yaya ya yi da na fi samun sauƙi. Wannan magana tana cikin katin tun shekaranjiya, a hannuna, minti kaɗan gaba da inda na kashe.

Ban ci abincin walimar ba. Na zagaya bayan gida inda ake wanke tukwane, na tsuguna na kama wanki ba wanda ya sa ni. Matan da ke wurin suka matsa mini, ba su ce komai ba, wannan ma wani alheri ne da ban manta ba. Da aka zo tafiya da amarya, Zainabu ta sa aka nemo ni. Tana kuka a cikin lulluɓi, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, da ka bari sai bayan an ci abinci." Na rasa ko kuka take ko dariya. Ina jin duka biyun ne.

Kwana biyu ina wasan ɓuya da Gwaggo a gida ɗaya. In fita kafin ta fito, in dawo in shige ɗaki. Sa'adiya ma ta daina yi mini magana sai dole, don ta ce duk matan Gadarif yanzu sun san yadda take kawo shayi. A safiya ta uku ina lallaɓawa zan fice, na ji an ce, "Zo nan." Tana zaune a gindin rumfarta a kan ɗan gadon igiya, tana soya gahawa a kan gawayi. Na je na durƙusa.

"Gwaggo, ki yafe mini."

Ba ta dube ni ba, ta ci gaba da juya gahawa. "Maganar rago, ka je Doka ka ba su haƙuri, ba tawa ba ce. Maganar kaza, tsakaninka da yayanka. Saura ɗaya."

Na sunkuyar da kai.

"Ka ce ba ni na haife ka ba. Gaskiya ka faɗa, ban haife ka ba." Ta sauke kaskon, ta juye a turmi. "Ranar da aka kawo mini kai, kwana biyu ka ƙi cin abinci, sai da na goya ka ina ba ka ta kafaɗa. Tun daga ranar ba ka taɓa yi mini gardama ba. Usman ya fasa mini tulu ya murguɗa baki. Zainabu ta yi birgima a ƙasa don na hana ta fita. Kai kullum to Gwaggo, na gode Gwaggo, kamar baƙon da yake tsoron a ce ya tashi. Ni kuma da na ga ba ka ƙorafi, sai na ɗauka ba abin da ke damunka. Wannan laifina ne."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Usman ina yawan ambatonsa don ba na ganinsa. In na yi shiru da sunansa sai in ji kamar ya ƙara nisa. Kai kuwa ina jin tarinka ta bango. Amma da na sani kana son ji, da na faɗa maka a gabanka, ba sai na faɗa wa na Jidda ba."

Ta daka gahawar, ta zuba a tukunyarta ta ƙasa, ta jira ta tafasa. Ni dai hawaye nake yi, ƙato da ni, malamin makaranta. Ta zuba mini a ɗan kofi ta miƙo, sannan a karon farko ta dube ni, na ga gefen bakinta yana motsi.

"Amma ɗana, lasifika? Daga ɗakinka zuwa nawa taku goma ne."

Na ce ta ba ni katin in goge wancan na farkon. Ta ce a'a. Ta ce shekara ashirin da wani abu tana jira in yi mata tsiwa irin ta ɗa da uwa, yanzu da ta samu ba mai goge mata. Ko tana saurara, ban sani ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Doka. Baffan ango ya saurari ban-haƙurina har ƙarshe, ya shafa gemu ya ce ba komai, ragon ya yi daɗi, kuma yanzu da na zo sai na ci nasu kafin in tafi, don a yi adalci. Haka aka yi. Suna kallona ina ci.

Yaya Usman kuwa ban kira shi ba, shi ya kira. Ashe wani daga cikin baƙi ya ɗauki komai a wayarsa ya tura masa tun ranar (shi saukewarsa ba ta ba shi wahala ba). Na ɗauka a tsorace. Ya daɗe yana dariya, sannan ya ce, "Wallahi ƙanina, wake da burodi nake ci safe da yamma, mu shida a ɗaki ɗaya." Dariyar ta tsaya. Daga nan muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba tun muna yara, har kuɗin kiransa ya ƙare.

Yanzu in aka kawo mini waya ta ƙi ajiye abu a zakira, na san abin yi: a duba ko katin ya tsufa, a yi wa sabo farmata, a sauya wurin ajiya, a ba da izini. In ya wuce nan kuma na koyi cewa ban sani ba, kuma ban ga ta rage ni da komai ba. Abin da ya fi zauna mini dai shi ne, in mutum ya aiko maka da magana, ka saurara har ƙarshe kafin ka yanke masa hukunci. In kuma kana da ƙorafi a kan wanda kuke gida ɗaya, ka tashi ka taka ka faɗa masa a hankali, ku biyu. In ka bar shi a ciki zai fito, ba shakka, sai dai ba kai za ka zaɓi ranar ba, kuma mai riƙe da maɓallin murya ba lallai ya ji Hausa ba.